Ƙarshen Labarin Mai Neman Garwashi

Kakata Iya Gambo bandar kifi take yi a Gashua. Bayan sallar isha'i mukan zauna kusa da wutar bandar, tana juya tarwaɗa tana ba mu labari. Hausarta da karin Badanci, ba ta kuma gaggawa.

Wanda na fi so shi ne na wani baƙo da ya fito daga kogi lokacin ambaliya, jikinsa na ɗigar ruwa, yana bi gida-gida yana roƙon garwashi. Kowa ya hana shi sai wata tsohuwa. Ya kwana uku a zaurenta yana ɗinke mata komar kamun kifi, babu wanda ya tambayi sunansa. A rana ta huɗu ya ce ta biyo shi bakin ruwa.

Nan nake tsayawa kullum, domin barci ke ɗauke ni. Da safe in roƙe ta ƙarshen, sai ta ce ba a ba da labari da rana, ba a kuma soma shi daga tsakiya.

"Maigidana raggo," take cewa. "Yau ma ka bar ni a bakin kogi ni kaɗai."

Na girma, na kama aikin rediyo. Wata shekara masu wani shirin talabijin mai dogon zango suka zo Nguru ɗaukar kashi biyu, suna neman tsohuwar da za ta fito sau ɗaya tana ba jikoki labari. Na ɗauko Iya Gambo a mota, ƙafafunta sun riga sun kumbura. Ban zo da rakodata ba. Na ga kyamarori uku, na ce ai sun wadatar.

Darakta ya ce minti ɗaya yake so. Da ya ce a tsaya, ba ta ko dube shi ba, ta ci gaba, shi kuma ya bar kyamara tana ɗauka. Ta kai inda baƙon ke ɗinkin koma sai injin markaɗe ya tashi a maƙwabta, aka roƙe ni in je in ba su haƙuri su kashe. Kafin in dawo ta gama, tana gyara mayafi.

A mota na tambaye ta ƙarshen. Ta ce rana ba ta faɗi ba tukuna. Su baƙi ne, shi ya sa ta yi musu kara.

Ta rasu kafin a haska kashin. Da aka nuna, bakinta na motsi, kiɗa ya rufe muryar, jarumar shirin na kuka a gefe. Na kira masu shirin, aka ce an goge abin da ba a yi amfani da shi ba. 'Yan'uwana kowa da ƙarshen da yake tunawa, babu biyu da suka dace.

Na daɗe ina zaton darasin a kan karamci ne ga baƙo. Yanzu ban sani ba. Shekaru ina naɗar muryoyin mutanen da ban sani ba, tata kuwa ba ni da ko gaisuwa. 'Yata da na ba wa labarin ta tambaye ni abin da baƙon ya nuna wa tsohuwar. Na ce mata ta kwanta ta yi barci.