Ranar da Na Fitar da Baba Daga Hoto

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu kamata a harkar hoto duk faɗin Lafia, na yi wani abu da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

A lokacin na rage ɗaukar biki da suna, na koma ɗaukar gine-gine: otal-otal na hanyar Makurdi, sabbin shaguna, gidajen da dillalai ke neman masu saye. Abin taƙamata wata dabara ce da muke kira HDR. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗaki da rana ya san matsalar. In cikin ɗakin ya fito, taga ta yi fari fat. In abin da ke waje ya fito ta tagar, ɗakin ya yi baƙi ƙirin. To sai ka kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ka ɗauki wuri ɗaya sau uku ko biyar, wani da duhu, wani tsaka-tsaki, wani da haske, ka haɗa su a kwamfuta su zama hoto guda, ciki da waje duk sun fito. Sharaɗin dai kada komai ya motsa. Wanda ya motsa sai ya fito kamar hayaƙi. Ni kuwa ko labule ne ya kaɗa sai na ja tsaki. Ina ji da kaina sosai, alhali ofishin nawa gefen katifata ne.

Mahaifina kafinta ne, shagonsa na hanyar Doma tun kafin a haife ni. Ni ne ɗansa na fari, shi kuma mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan", da na kama sana'a kuma na zama "mai hoto". Bai taɓa neman wani abu a wurina kai tsaye ba, sai dai ya bi ta wajen mahaifiyata. Sannan ba ya shiga hoto. Ranar aurena ma da aka ce dangi su taru, sai ya ce bari ya yi alwala, bai dawo ba har aka watse. Hotonsa ɗaya tak muke da shi, na jikin katin zaɓe, shi ma zufa ta cinye fuskar.

Wata rana mahaifiyata ta ce da ni, "Babanku ya ce in ka samu sarari ka je ka ɗaukar masa kayan shago. Wai yanzu a waya ake ciniki."

Na yi murna, wallahi. Na ce yau Baba zai ga aikin da yake ganin kamar wasa ne.

Ranar Talata da hantsi na isa. An share shagon tas, an jera gadaje da kujeru, ko ɓurɓushin katako babu. Baba na tsaye cikin shuɗiyar babbar rigarsa ta sallah, ta sha guga, ga hula a kai. Na gani, amma sai na ce a raina wataƙila ɗaurin aure za shi. Ɗaurin aure ranar Talata da hantsi! Ku ji wauta irin tawa.

Na kafa kyamara, na saita babban gadon da ya fi alfahari da shi. Ina leƙawa sai ga Baba a gefen gadon, ya ɗora hannu a kan allonsa. Na danna. Kun san babbar riga, ba ta zama a kafaɗa, yana ta saɓa ta tana zamewa. Na duba, ya fito kamar hayaƙi.

"Baba, ɗan matsa kaɗan."

Ya matsa. Na juya wajen kujeru, sai ga shi a bayan ta tsakiya, wai yana goge ƙura, ƙurar da babu ita. Na sake cewa ya matsa. Na koma kan wata ƙofa mai sassaƙa da ya jingine a bango, nan ma ya riga ni isa, yana gyara hula. Zafin Lafia ya taso, kwanon shagon ya ɗauki rana, haske na canjawa, raina ya ɓaci.

"Haba Baba! Motsin nan yana ɓata min aiki. Kayan nake so, ba mutum ba. Don Allah ka fita waje, ka tsaya wuri ɗaya har in gama."

Ya dube ni, ya sauke kai. Ya ce, "To, mai hoto." Ya tattare rigarsa ya fita.

Na yi aikina cikin kwanciyar hankali. Da na koma gida na haɗa masu kyau, na goge duk waɗanda ya shiga ciki, don a wurina ɓatattu ne. Washegari na share memorin kyamarar gaba ɗaya saboda aikin wani otal. Hotunan sun yi kyau, ba yabon kai ba. Har daga garin Awe wani ya zo ya sayi gadon.

Wata huɗu bayan haka Baba ya kwanta jinyar kwana tara, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar bakwai, mahaifiyata na ninke kayansa ina zaune a bakin ƙofa. Ta ɗago shuɗiyar rigar ta ce, "Ka wanko mana hoton nan da ka yi masa da ita, a rataye a falo."

Na ce, "Wane hoto, Inna?"

"Na shago mana. Ai kayan nan hujja ce kawai. Cewa ya yi ƙarfi ya fara ƙarewa, yana so jikokinsa su san fuskarsa. Kunya ce ta hana shi faɗa maka. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce an ɗauka."

An ɗauka. Ko a nan ma ya rufa mini asiri.

 Na tashi na je na buɗe kwamfuta, na bi ko'ina. Na kai memorin wurin abokina mai gyaran waya, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce an ɗora wasu hotuna a kai da yawa, babu abin da zai dawo. Na zauna ina kallon hotunan da na haɗa ɗaya bayan ɗaya, shago tsaf, kowace ƙusa ta fito, babu mai shagon.

A hoton gadon ne idona ya kai kan taga. Da hoto ɗaya na ɗauka irin na kowa, da tagar nan fari ce fat. Amma dabarar tawa ta fito da waje raɗau. Ga bishiyar mangwaro, ga gefen titi, ga Baba tsaye a rana. Katakon tagar ya rufe fuskarsa, sai kafaɗa da hannun shuɗiyar riga da gefen hula. Bai fito kamar hayaƙi ba ko kaɗan. Sau biyar na danna a hoton nan, bai motsa ba. Na ce ya tsaya wuri ɗaya, ya tsaya.

A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Har yau ina sana'ar, ina kuma haɗa hotuna kamar da. Sai dai duk shagon da aka kira ni, kafin in taɓa kaya sai na ce mai wurin ya tsaya in ɗauke shi tukuna. Wasu su yi dariya su ce, "Oga, kayan muke so a gani." In ce na sani, a dai tsaya.

Hoton gadon na wanke shi babba, yana falon mahaifiyata. Kwanaki 'yata, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, ta tambaye ni ina kakanta. Na ɗaga ta, na nuna mata tagar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Abba, me ya sa ya tsaya a waje cikin rana?"

Na ce, "Ni na ce ya fita."