Wasan da Auta Bai Buga Ba

Mai Sanyi ake kiransa a layin masu gyara, saboda gyaran firji ne sana'arsa tun yana saurayi. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ya kara kunne a bayan firji ya ji yadda inji ke nishi, sai ya miƙe ya faɗi abin da ya lalace, shi ke nan. Matarsa kan ce ta auri mutumin da ya fi gane firji a kan mutane, shi kuma ya ce ai firji ba ya musu.

Mutum ɗaya ne ke iya sa shi surutu, ƙanensa Auta, mai ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti. Auta ne ya koya masa wasan bidiyo bayan furfura ta fara leƙo masa. Duk ranar hutu sai ya zo da na'urarsa a jaka, ya jona ta da talabijin ɗin falo, su baje a ƙasa su biyu.

"Yaya, hannunka na sukuddireba ne, ba na gem ba," in ji Auta duk sa'ad da ya lallasa shi.

Akwai wani sabon wasa da Auta ya daɗe yana ɗokin fitowarsa, na wani direban babbar mota da ke ratsa ƙasar da ambaliya ta cinye yana kai wa mutane kaya. Ya ishe su da zancensa har matar Mai Sanyi ta ce ko mai ciki ba ta jiran haihuwa haka.

Auta bai ga fitowar wasan ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin a gano kan ciwon rai ya yi halinsa. Mai Sanyi bai yi kuka ba. Da masu gaisuwa suka watse ya koma shago, ya ci gaba da ɗura gas da sauya waya. In an ajiye abinci ya ci, in an manta ba ya tambaya. Matar Auta ta aiko masa da na'urar, ta ce ba ta iya kallonta. Ya tura jakar ƙarƙashin gado.

Wata rana yana jiran wani firji ya ɗauki sanyi, ya ga a wayarsa cewa wasan ya fito. Ya shiga karanta abin da waɗanda suka saya suka rubuta. Wani ya ce bai taɓa ganin ruwa mai kyau a gem irin wannan ba. Na ƙasansa ya ce asara ce tsagwaronta, motar sai ka ce jaki, kuma in ka kai wata gada wasan sandarewa yake yi. Wata ta ce ta yi hawaye a ƙarshe, wani ya ce barci ya kwashe shi tun a farko. Kullum sai ya karanta, bakin yabo da na zagi kusan ɗaya, shi kuwa bai ji ɗayansu ya motsa shi ba.

"Maigida, ka saya ko ka bari mana," in ji matarsa. "Idonka zai ƙare a wayar nan."

"Rabi sun ce ba kyau."

"To ai rabi sun ce da kyau."

Ya je shagon da Auta ke sayen wasanni. Mai shagon ya gane shi, don kamarsu ɗaya da Auta, ya yi masa gaisuwa. Da ya tambaye shi ko wasan ya cancanci saye, mai shagon ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, Yallaɓai, ba yabo ba fallasa. In kai mai gaggawa ne, kar ka soma."

Mai Sanyi ba shi da wata gaggawa, sai ya saya.

Ranar hutu da hantsi ya jawo jakar, ya kakkaɓe ta, ya jona wayoyin yadda ya ga Auta na yi. Motar tana da nauyin jiki kamar yadda aka faɗa. Ruwan kuma yana da kyau. Ya kai wa wata tsohuwa buhunan siminti, ya kai wa wani asibiti injin wuta. Da ya hau gadar, hoton ya ƙame, motar na tsakiya. Ya zauna yana kallonta, hannunsa a kan maɓallai. Yana jira ya ji haushi, ko wani abu dai, bai ji ba. Matarsa ta leƙo daga kicin.

"Ya lalace ne?"

"Haka aka ce yana yi."

Ya kashe, ya sake kunnawa, ya bi wata hanyar.

Haka ya riƙa yi duk ranar hutu har damina ta wuce. Wani lokaci ya ɓata hanya, wani lokaci mota ta kife ya faro daga baya. Ranar da ya gama, direban ya ajiye mota a bakin wani gida ya shiga, sunayen waɗanda suka haɗa wasan suka shiga hawa sama. Ya bari har suka ƙare.

Daga baya wani mai walda da ke maƙwabtaka da shagonsa ya ce yana son saya wa 'yarsa wasan, ya tambaye shi ko yana da kyau.

"Motar ba ta gudu," in ji Mai Sanyi. "Amma tana kaiwa. 'Yar taka ta guji gadar kawai."

Ya juya ga firjin da ke gabansa, ya ce wa mai waldar ya miƙo masa filaya.