Aljihun Baƙin Wata Duniya

Tsohon telan bakin tasha, tabaransa ɗaure da zare, yana farke ɗinkin wata riga mai hannu huɗu. Direban 'yan fim na tsaye a kansa, sai duba agogo yake yi.

"Baba, jiranmu ake! Darakta ya ce halittun wata duniya ne, a kumbo suke yawo. Ina ruwansu da aljihu?"

Tsoho ko ɗagowa bai yi ba, sai shafa nasa aljihun da yake yi, inda wani makulli mai tsatsa ya leƙo. Wataƙila na gidan da ya baro ne tuntuni.

Ya taka keke. "Gaya wa daraktanka, wanda zai bar garinsu har abada, ba na sallamarsa babu aljihu."