Bidiyon Tabkin Bambeye

Shekara biyu ina riƙe da ordinatar, wato kwamfutar majami'armu, a Tawa. Aikina in jefa baitocin waƙa a farin bango, in sa musu hoto mai motsi a baya. Wanda ya riƙe kafin ni ya bar bidiyoyin a cakuɗe, sai na zauna na raba su dosiye-dosiye: girgije, furanni, wuta, ruwa. Na ruwa na fi so. Da littattafan soyayya na tashi, a ganina kalmar da aka shimfiɗa bisa ruwa ta fi shiga zuciya.

Sai dai duk ruwan Turawa ne, shuɗi, da duwatsun da ba mu san irinsu ba. Shi ya sa ranar da muka je wani tabki wajen Bambeye yi wa wata mata baftisma, na ɗauki bidiyon namu ruwan da wayar salula. Bazawara ce 'yar Affala, tana zaune da 'ya'yanta biyu a gidan wanta, mai shagon atamfa, wanda bai san tana zuwa wurinmu ba. Minti biyu na farko ruwa ne zalla, rana tana rawa a kansa. Daga nan hannuna ya juya, sai ga ta tana fitowa, fuskarta a fili, fasto dafe da kanta.

Fasto ya ce, "Ɗiyata, goge shi. In ya fita, ba ta da wurin kwana."

Na ce to, amma ban goge ba. Na ajiye shi a dosiyen ruwa. Ai baiti ba ya kai minti biyu, kullum kafin lokacin na canza.

Bayan damina aka yi aure a majami'ar. Angon maƙwabcin shagon wan bazawarar nan ne, don haka wan ya zo da abokansa, aka ba su kujerun gaba. Ita tana can baya cikin mata, ta ja mayafi kamar baƙuwar da aka gayyato. Ni kuwa idona yana kan amarya, ina ganin kaina cikin farar rigar. Da aka ɗauko waƙar biki, hannuna ya kai ga bidiyon tabkinmu.

A bikinmu mata ba sa sakin amshi sai mai guɗa ta gaji, kuma ba a barin budurwa zaune. Innata ta cafko hannuna.

"Ke, taso! Ordinatar za ta aure ki?"

"Inna, aiki nika yi."

"Aikin mi? Ruwan ga gudu zai yi?"

Mata suka sheƙe da dariya, suka ja ni tsakiya. Na yi juyi nawa, ban sani ba. Da na ɗaga kai, ruwan ya fara karkata a bango, ga ƙayar bakin tabki tana shigowa. Na san abin da ke biye da ƙayar. Na kutsa cikin mata, wata ta riƙe mini zane tana zaton kunya nake ji. Kafin in kai, fuskar ta cika bango, ta fi ƙofa girma, ruwa yana zuba daga gashinta. Na fizge wayar ordinatar.

Guɗa ba ta tsaya ba. Wan bai waiwaya ba. Ya zauna har aka tashi, ya ci abinci, ya yi wa ango addu'a. Sai da zai fita ya tsaya bakin teburina.

"'Yan mata, ke kika ɗauki hoton ga?"

Na sunkuya ina naɗe waya.

"Tabkin Bambeye ne ko? Na san shi." Ya gyara hularsa. "Allah shi ba ki miji."

Ya kira ƙanwarsa da murya ƙasa-ƙasa. Ta taso, ta wuce ta gabana riƙe da hannun autarta, ba ta dube ni ba.

Ranar Laraba aka sa ta a motar Affala ita kaɗai. Yaran suna nan Tawa, a gidansa.