Gaiwar da Aka Fitar Cikin Kwando

Na manta da ranaku masu yawa na aikina, amma ban da ranar da aka sa mu tone tabkin wani ƙauye da ke tsakanin Dakoro da Birnin Lalle. A ƙarshen mulkin Faransa ne, ina gardi, wato dogarin gwamnati, a ƙarƙashin wani Bature mai kula da daji da ruwa. Mai Lofe muke ce masa, don lofensa ba ya barin bakinsa.

Ku yaran yanzu da kuke kiwon kifi, sai na fara yi muku bayani. Tabkunanmu na damina ne, rani na yi suke ƙafewa. Kifin da ke jure wannan shi ne gaiwa. In ruwa ya ja, sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe, ta bar ƴar kafar numfashi, ta kwanta har Allah ya sake kawo ruwa. Da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mutanen gari kan fito da dagi su haƙo ta. Amma akwai kusurwar gabas, gindin wata bagaruwa, wadda ba a taɓawa. Nan ne iri. Sarkin ruwa Maidabo, tsoho mai ƙarancin magana, shi ke tsaron ta.

Mai Lofe ya zo da niyyar alheri. Ya ce za a zurfafa tabkin ya riƙe ruwa shekara duka, a kawo ƴaƴan karfasa daga kudu. Da yake gaiwa na cinye ƙananan kifi, ya ce a haƙe ta duka. Ya ɗaga lofensa ya nuna hulata, ya ce in aka bar ko ɗaya, in ajiye kayan aiki in koma gona.

Kwana uku ana haƙa. Rana ta uku da hantsi muka iso bagaruwar, muka tarar da Maidabo zaune a kan busasshiyar laka.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri ka tashi. Umurni ne."

Ya ce, "Ɗana, gaya ma Baturenka laka kamu biyu ce, ƙarƙashinta rairayi. In ya huda ƙwarya, da mi za ya sha?"

Na faɗa wa Mai Lofe. Ya yi murmushi, ya ce ya auna, lissafinsa daidai ne. Ni da hannuna na kama tsohon nan na tayar da shi. Bai yi gardama ba. Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan kamun.

Da la'asar aka tsayar da ni bakin hanya ina duba kayan kowa, kada a fita da gaiwa mai rai. Sai ga Maidabo da kwando a ka, an rufe da harawa. Na ɗaga harawar, na ga curin busasshiyar laka guda tara, ba a fasa ko ɗaya ba. Kowanne da ƴar kafarsa.

Na ce, "Mine ne wannan, Baba?"

Ya ce, "Ƙasar yaɓen rumbu ce."

"Rumbunka ke numfashi?"

Ya dube ni. Mai Lofe yana can kan tudu, yana iya juyowa kowane lokaci. Ina da mata da ƴaƴa biyu a Dakoro, ba ni da ko akuya. Na mayar da harawar na ce, "Wuce, Baba. A yaɓa shi da kyau."

Damina ta sauka, kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo ƴaƴan karfasa cikin ganguna. Suka yi girma ƙwarai, har kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya zo kallo. Ni kaina na fara cewa tsoho ne ya yi kuskure. Amma tun ba a gama sussukar gero ba ruwa ya fara gudu. Inda muka huda laka, rairayi ya shanye shi. Tabkin da kan kai tsakiyar sanyi ya ƙafe da wuri, karfasa ta mutu jibgi, wari ya hana mata zuwa wajen. Mai Lofe ya tsaya bakin ramin ya daɗe, lofen a hannu. Ba a jima ba aka mayar da shi wani gari. Bazarar nan mutane suka fito da dagi don sabo, suka koma hannu wofi.

Maidabo ya sa aka kwaso laka aka mayar cikin ramin, ya roƙi makiyaya suka kora shanu suka tattake ta. Da ruwan farko ya taru, ya aiko a kira ni. Ya tsufa ƙwarai, da sanda yake tafiya. Muka jera curin nan tara a bakin ruwa, gindin bagaruwa, muka zauna. Laka ta jiƙe, ta fara narkewa. Gaiwa biyar sun mutu a ciki. Sai ɗaya ta motsa, ta miƙe a hankali, ta shige ruwa. Uku suka bi ta.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Shekara uku ba mai sa dagi a nan. Kai ne gardi, ka tsare."

Na tsare, ko da yake shi bai ga ƙarshen shekarun ba.

Abin da na koya shi ne, mai son ruwa ya ƙara ba shi, ya fara tambayar waɗanda suka ga ƙafewarsa. Kuma kowace gaiwa da kuka ci daga tabkin nan, ku sani ta taɓa wucewa ta gabana cikin kwando, a ƙarƙashin harawa.