Matakalan Munkaila Mai Shela

Munkaila ya gaji shela daga mahaifinsa. Tun yana saurayi yake zagaya unguwarsu a Dogon Dutsi da 'yar ganga, yana sanar da ɓatan akuya, ranar rigakafi da taron meri, wato ofishin magajin gari. A zamanin ƙarfinsa, idan ya ɗaga murya a bakin kwalta, har masu daka a gindin dutse sukan dakata.

Sai murya ta soma gudunsa. Bara ta dishe ƙwarai, ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Mai unguwa ya kira shi, ya ce akwai wani ɗan kabu-kabu mai amsa-kuwwa da ke son aikin.

A kwanakin nan ne ɗan ƙanwarsa Abdulmalik, da ke karatu a Turkiyya, ya aiko da bidiyo daga kangon Arikanda, wani tsohon birni na mutanen Likiya. Sun gina shi hawa-hawa a jikin dutse, girgizar ƙasa ta sha rusa shi, daga baya aka watse aka bar shi. Amma dandalinsu yana nan: matakalan dutse a zagaye kamar rabin ƙwarya. Abdulmalik ya tsaya a ƙasa ya yi magana a hankali, abokinsa da ke can sama ya maimaita ta daidai.

Munkaila ya kalla har batir ya mutu. Tarihin bai dame shi ba. Abin da ya fahimta shi ne, can ma an yi masu shela marasa murya, kuma an san mutuncinsu.

Ya ari diga, ya nufi wani kwari a gefen dutse. Duk rani yana sara yana jera duwatsu. Da ya gama, ya sa matarsa Shatu ta hau matakalar ƙarshe, ya yi raɗa daga ƙasa.

"Kin jiya?"

"Na jiya, Malam. Ka ce ƙugunka na ciwo. Wanga ai ko daga gida na sani."

Aiki ya yi, har mai unguwa ya yarda a gwada. Saura abu guda da Abdulmalik bai nuna a bidiyo ba: yadda mutanen Likiya ke sanin lokacin zuwa. Dole a yi shela cewa za a yi shela.

Shatu ta ɗauki wannan. Muryarta kuwa, maƙwabta sun daɗe da saninta. Ta shiga lungu-lungu tana cewa, "Jama'a, ku taho gindin dutse, Malam na da magana!"

"Shatu, wace magana ce?" in ji Fati mai ƙosai. "Ga mai bisa wuta."

"Rigakafin yara ne, jibi, a makarantar lakwal."

"To mun jiya. Ki gaishe shi."

Haka aka yi a kowace ƙofa. Ranar rigakafi lakwal ta cika maƙil, har malaman asibiti suka yaba. Ɗan kabu-kabu ya koma ɗaukar fasinja.

Yanzu tsarin ya zauna. Saƙo ya zo wa Munkaila, shi ya faɗa wa Shatu, ita ta fita gayyata, shi kuma ya sa babbar riga ya tafi kwarin. Can yakan gaida matakalai, ya yi shelar daga farko har ƙarshe, ba ya tsallake ko kalma. Wani lokaci awaki na kwance a sahu na uku.

An taɓa ce masa ai Shatu ce mai shelar. Ya girgiza kai.

"Ita kira takai," in ji shi. "In mutane sun ƙi zuwa, wanga tsakaninsu da mai unguwa ne."