Sallah Goma Sha Biyu

Sau uku aka tsaga ni aka ciro ɗa. A na ukun likita ta ce mahaifata ba za ta ɗauki na huɗu ba, in na gwada kuma a shirya likkafani. Na ji.

Allurar tazarata ta ƙare ina Guangzhou, a China. Ban damu ba, tunda maigida yana Kano. Sai ga shi ba sanarwa, ya zo duba kaya a kasuwar Tianxiu. Kwana biyu ya yi ya wuce.

Ranar Lahadi ina kasuwar Shahe, a shagon wata 'yar Koriya da nake sarin kayan yara a wurinta. Lawban nake kiranta, yadda ake kiran kowane mai shago da Sinanci. Da guntun Sinancin kasuwa muke magana, sauran da hannu. Na fito da gorar ruwan kanwa, irin yadda na ga matan unguwarmu suna yi in suna gudun ciki. Ta shinshina, ta tambaya. Na gaya mata gaskiya, har na ɗaga riga ta ga ɗinkin.

Ta tuttular da kanwar a kwata.

"Akwai ƙwaya," ta ce. "Amma kwana uku ne iyakarta, kuma ƙarfinta raguwa yake. Awa nawa yanzu?"

Ni ba na ƙirga awa. Wanka na sani. Na yi shi kafin asubar Juma'a. Na lanƙwasa yatsu: Juma'a biyar, Asabar biyar, yau asuba da azahar.

"Sallah sha biyu."

Ta gane biyar kwana ɗaya ce. Ta latsa waya, ta ɗago ido yana ƙyalli. "Saura sallah uku. Tashi, 'yar uwa."

Ta ja ƙofar shago da mai saye tsaye a bakinta. Muka tsere. Mace mai shekara arba'in da biyu, ga ni ina gudu tsakanin masu turin kaya, mayafi a hannu, ina dariya. Tun safe na ɗauka tawa ta ƙare.

Asibiti ta nufa da ni. A ƙasarsu, in ji ta, sai da takardar likita ake samun ƙwayar. Ita ma ta taɓa nema ranar hutu, ta zaga gari tana jin kunya. Layin asibitin har waje. Wata nas ta saurare mu, ta nuna kemis a tsallaken titi.

Babu takarda, babu tambaya. Lawban ta tsaya riƙe da kwalin, baki buɗe.

"Haka kawai?" ta ce.

"Ke ma 'yar ƙauye ce ashe," na ce.

Na haɗiye a tsaye. Sannan ta zaunar da ni a dakali kamar uwa. Ta ce ƙwayar ba ta zubar da ciki, hana shi shiga take, kuma ba kullum take ci ba. In na yi amai nan kusa mu dawo. In al'ada ta yi latti da mako, a yi gwaji. Gobe kuma ita za ta raka ni a sa min abin tazara na dindindin. Ta raka ni ɗin.

Kwana goma sha ɗaya ina sallah ina ƙirgawa. A na sha biyu na naɗe darduma na ɗora kan akwati. Ko karyawa ban yi ba na hau mota sai Shahe.

Ta hango ni daga nesa, ta ɗaga yatsu. "Yau sallah nawa?"

"Meyo," na ce. Babu.

Ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi.